Kala Daban, Sata Daban



Kowace Lahadi muna buɗe Littafin Waƙoƙi mu ɗaga murya da waƙoƙin mutanen da suka daɗe da komawa gida. Da yawa daga cikinsu fassara ce ta tsofaffin waƙoƙin Turanci na zamanin su Isaac Watts, wanda ya rasu a 1748, da Charles Wesley da ya rasu a 1788, da makauniyar nan Fanny Crosby ta Amurka, wadda ta rubuta waƙoƙi sama da 8,000 kafin rasuwarta a 1915. Babu jikan Wesley da ya taɓa aiko wa ma'ajin ikkilisiya takardar neman kuɗi. Ƙungiyar mawaƙa takan yi makonni tana koyon Halleluyar Handel don Kirsimeti, ba ta nemi izinin kowa ba a Ingila ko a Jamus. Mun saba da haka har mun ɗauka duk waƙa haka take, abin da kunne ya ji ya zama na mai kunnen. Alhali waƙar Wesley da waƙar da ɗan'uwanmu ya ci bashi ya naɗa a situdiyo a Jos ko Kaduna bara ba matsayinsu ɗaya ba, a gaban doka da kuma a gaban Allah. Ta farko ta fita daga haƙƙin mallaka. Ta biyu tana da mai ita, yana nan da ransa, da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara a wuyansa.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri, kada ku yi ta jira. Ina ganin muna kuskure ta fuska biyu a lokaci guda. Muna ɗaukar abin da mai shi bai sake ba, muna cewa ai aikin Allah ne. Abin da muka yi da hannunmu kuwa, wanda ya kamata mu sake wa ikkilisiya da gangan, muna barinsa a kulle ba tare da mun ma san a kulle yake ba.

Mu fara da dokar kanta, don da yawanmu ba su taɓa jin yadda take aiki ba. Da zarar ka rubuta waƙa a takarda, ko ka naɗe ta a waya, ko ka tsara wasan kwaikwayo na ranar matasa, doka ta ba ka iko a kan kwafe shi, da buga shi, da sayar da shi, da fassara shi, da watsa shi. Ba sai ka yi rajista a wani ofishi ba, ba kuma sai ka zana alamar nan mai harafi cikin da'ira ba. A Nijeriya abin da ke aiki yanzu shi ne Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta, haƙƙin littafi ko waƙa yana nan duk tsawon ran marubucin, da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Fim da hoto da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da su. Ku lissafa da misalin da kowa ya sani. Abubakar Imam, mai Magana Jari Ce, ya rasu a 1981. Ke nan littattafansa ba za su fita daga haƙƙin mallaka ba sai ƙarshen 2051, lokacin da wasu daga cikinku sun riga sun ga jikoki.

Abin da na fi so ku lura da shi shi ne akwai wa'adi. Tun dokar farko irin wannan, wadda aka yi a Ingila a 1710, an sa iyaka: shekara 14, a ƙara wata 14 in marubucin yana da rai. An yi ta tsawaita wa'adin tun daga lokacin, kuma a nawa ganin an wuce gona da iri, amma tushen tunanin bai canja ba. Jama'a ta ba mai fasaha lokaci ya ci guminsa, daga baya aikin ya koma hannun kowa. Duk wanda ya karanta Littafin Firistoci sura 25 ba zai ji wannan baƙon abu ba ne. A can ma mutum yana iya sayen gona ya more ta, amma in shekara ta 50 ta zo aka busa ƙaho, sai ya sake ta, domin ƙasar ta Ubangiji ce, mu baƙi ne a kanta. Ba na cewa majalisar Ingila daga nan ta kwafo dokarta. Ina cewa mai bi ya riga ya san ba a riƙe kyautar Allah har abada.

To, in wa'adin ya cika, me ya faru? Aikin ya zama kamar rijiyar gari. Kowa na iya kwafe shi ya raba. Kowa na iya buga shi ya sayar, ya ci riba, ba ya bin kowa bayani. Kana iya fassara shi, ka gajarta shi don yaran makarantar Lahadi, ka sa masa sabon kari, ka mai da shi wasan kwaikwayo ko fim. Littafin John Bunyan na tafiyar mai bi zuwa birnin sama, wanda ya fito a 1678, an fassara shi cikin harsuna fiye da 200, kuma duk wanda ya ga dama a cikinku zai iya zama yau ya yi sabuwar fassararsa da Hausar zamani ba tare da ya rubuta wa kowa wasiƙa ba. A Amurka ma kowace 1 ga Janairu sai wani rukuni na tsofaffin ayyuka ya fita. A 2024 ne ɓeran nan Mickey Mouse, a siffarsa ta fim ɗin 1928, ya zama na kowa, bayan kamfanin Disney ya riƙe shi shekara 95.

Sai dai akwai ramuka a hanyar, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suke faɗawa. Fassara sabon aiki ce mai nata haƙƙin. Waƙar Crosby ta Turanci ta kowa ce, amma wanda ya zauna ya juya ta zuwa Hausa har ta hau kari, shi ma ya yi aiki, kuma lissafin shekarun nasa daban ne. Haka naɗin sauti. Kiɗan Handel na kowa ne, amma in wata ƙungiyar mawaƙa a Landan ta rera shi ta naɗa a faifai shekara 10 da suka wuce, wannan faifan nata ne. Ku rera da bakinku, babu laifi. In kun ɗora faifansu a bayan bidiyonku, kada ku yi mamaki in Facebook ko YouTube suka kashe muku sauti ana tsakiyar watsa sujada. Maganar Allah ma haka abin yake. Musa da Luka da Bulus ba su da magajin da zai kai ka kotu, amma kowace fassara tana da labarinta. Juyin Turanci na Sarki James, na 1611, na kowa ne a kusan duk duniya, amma a Ingila kanta har yau buga shi yana ƙarƙashin ikon gidan sarauta. Sababbin juyi kuwa, na Turanci da na Hausa, yawancinsu akwai ƙungiyar da ke riƙe da haƙƙinsu. Ku buɗe shafi na biyu na Littafi Mai Tsarkin da ke hannunku, wurin ƙananan rubutun da babu mai karantawa, za ku gani.

Akwai hanya ta biyu da aiki ke zama na kowa, ba sai an jira mutuwa da shekara 70 ba, kuma ita ce ta fi shafar mu. Mai shi yana iya sakinsa da kansa. Littafi Mai Tsarki yana da hoton wannan, kuma duk ɗan manomi ya san sunansa: kala. A Littafin Firistoci 19 da Maimaitawar Shari'a 24, Allah ya umarci mai gona kada ya girbe har gefe, kada kuma ya koma ɗauko damin da ya manta, ya bar su don matalauci da baƙo da gwauruwa. Ku sake karanta Rut sura 2 a hankali. Rut ta nemi izini kafin ta bi bayan masu girbi. Bo'aza kuma bai tsaya a abin da doka ta tilasta masa ba, ya ce wa barorinsa su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa da gangan don ta tsinta. Ta koma gida da sha'ir mai yawa, kanta a ɗage. Amma Rut ba ta taɓa buɗe rumbun Bo'aza da dare ba, ta ce ai shi mai arziki ne, ni kuwa baiwar Allah ce mai yunwa. Da ta yi haka, da wani suna za a kira abin, ba kala ba.

Yanzu mu dubi wayoyinmu. Mawaƙin bishara ya tara kuɗi, ya biya situdiyo, ya biya makaɗa, ya biya mai haɗa sauti. Ranar ƙaddamarwa mutum ɗaya ya saya, kafin a tashi daga sujada waƙoƙin sun zaga zumunta duka ta Xender da WhatsApp. Washegari suna kasuwa wurin masu tura waƙa a memori, su suna karɓar kuɗi, mai waƙar ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗalibi a makarantar tauhidi ya samu littafin da malaminsa ya yi shekaru yana rubutawa, sai ya kai wurin mai hoton takardu a buga wa aji duka. Wani ya ɗauki hoton kowane shafi na littafin ibadar kullum ya zuba a zauren WhatsApp, ya rubuta a ƙasa wai a tura wa mutum goma don samun albarka. Kasancewar abu a intanet, ko sauƙin tura shi, bai mai da shi na kowa ba. Ƙofar rumbu ce kawai ta lalace. Na san uzurin, don ina jin sa kullum: babu kuɗi, kuma littattafan ba sa isowa garuruwanmu. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, zan dawo kansa. Amma talaucinka bai mai da gumin ɗan'uwanka naka ba, musamman in shi ma talakan ne irinka.

Ayar da aka fi fakewa da ita ita ce Matiyu 10:8, inda Ubangiji ya tuna wa almajirai cewa abin da suka samu ba su saya ba, don haka kada su sayar. Gaskiya ne, kuma bishara ba hajar kasuwa ba ce. Bitrus ya tsawata wa Siman mai sihiri da kakkausar murya sa'ad da ya kawo kuɗi yana neman sayen baiwar Ruhu. Amma ku ƙara ayoyi biyu gaba a Matiyu ɗin, a aya ta 10, za ku tarar Ubangijin nan dai yana cewa mai aiki ya cancanci a ciyar da shi. Umarnin bayarwa kyauta an yi shi ne ga mai bayarwa. Ba a miƙa wa mai karɓa shi ya zama sandar dukan mai bayarwa ba. Yakubu 5:4 kuwa yana da magana mai ban tsoro a kan ladan masu girbi da aka danne, cewa kukansa yana kaiwa kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ban ga dalilin da zai sa ladan mai ganga ko mai rubuta littafi ya fita daga wannan lissafi ba.

Wanda ya fi nuna mana hanya shi ne Bulus a 1 Korintiyawa 9. Ya ɗauki rabin sura yana kafa hujja cewa yana da iko ya ci daga aikin bishara. Ya kawo misalin soja, da mai gonar inabi, da makiyayi, da san da ba a sa wa takunkumi yana sussuka. Sai da ya tabbatar da haƙƙin sarai, sa'an nan ya ce shi bai mori wannan iko ba, don kada ya sa wa bishara shinge. Ku lura, babu wanda ya ƙwace masa. Shi ya ajiye, da saninsa, yana ɗinkin tanti da hannunsa. Ko a zamanin da masu bi na farko suke tara kayansu wuri ɗaya, Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma suna hannunsa bayan ya sayar. Abin da ba naka ba, ba ka iya kyauta da shi. Abin da aka ƙwace maka kuma, ba kyauta ka yi ba.

Ga inda nake so mu farka. Tun da doka tana kulle aiki da kanta daga ranar da aka yi shi, shirunka ba izini ba ne. Wataƙila a zuciyarka kana so kowa ya rera waƙarka, ya fassara darasin da ka rubuta. Amma gidan rediyon kirki, ko maɗaba'ar kirki, ko ƙungiyar da ke yin manhajar waya, ba za su taɓa shi ba sai sun ga izini a rubuce. In ba su san inda kake ba, sai su bar shi. In ka rasu, sai a nemi magada. Sakamakon abin dariya ne, abin kuka kuma: ɓarawo yana ɗauka ko ka yarda ko ba ka yarda ba, mai tsoron Allah ne kaɗai kullen yake hanawa.

Don maganin wannan ne aka kafa ƙungiyar Creative Commons a Amurka a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a 2002. Lasisi ne da aka riga aka rubuta, kyauta, mai aiki ya zaɓi wanda ya dace ya liƙa a jikin aikinsa, ya zama ya ba duniya izini tun kafin a tambaye shi. Akwai wanda sharaɗinsa ɗaya ne, a ambaci sunanka, a kuma nuna in an yi canji. Akwai wanda ya ƙara cewa duk wanda ya gina sabon abu a kan naka, shi ma ya sake nasa a kan sharaɗi iri ɗaya. Shi ake kira CC BY-SA, kuma a kansa Wikipedia take tafiya, har da ta Hausa. Akwai CC0, wanda mai aiki ke sallama komai kamar wa'adin ya riga ya cika. Akwai kuma masu hana kasuwanci ko hana canji, waɗanda su masu wannan fafutuka ba sa lissafa su cikin cikakkun 'yantattun ayyuka.

Kada ku ɗauka labarin nesa ne. Ƙungiyar Biblica, wadda ke riƙe da haƙƙin juyin NIV na Turanci kuma take tsaronsa sosai, ita ce ta saki juyinta na Hausa, Sabon Rai Don Kowa, a ƙarƙashin CC BY-SA. Ma'ana, matashin da ya iya kwamfuta a cikinku yana iya sa nassin nan cikin manhaja, ko ya buga Bisharar Markus ita kaɗai a raba a ƙauye, ko ya karanta ya naɗa don tsofaffin da idonsu ya raunana, ba tare da jiran amsar wasiƙa daga Amurka ba, muddin ya kiyaye sharuɗɗan. Mai gona ɗaya ne, ya killace wata gonar, ya bar wata don kala. Ga kuma amsar uzurin rashin kuɗi da na yi alkawarin dawowa kansa: kalan da aka bar mana da gangan, da tsofaffin littattafan da wa'adinsu ya cika, sun fi ƙarfin abin da za mu iya tsincewa. Ba mu gama da su ba muka tafi fasa rumbu.

Mu da ke hidima da Hausa muna da dalili na musamman. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai samu da Hausa ba sai 1932, bayan shekaru na wahalar su Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Daga lokacin zuwa yau, ku shiga kantin littattafan Kirista ku gwada kantar Turanci da ta Hausa. Ɗan abin da muke da shi ma, in ya ƙare a kasuwa ba a cika sake bugawa ba. Ga shi Hausa ita ce harshen sujada na ƙabilu masu yawa da ba Hausawa ba, daga kudancin Kaduna zuwa Filato da Gombe da Adamawa, har ƙetaren iyaka. Darasin baftisma da aka rubuta a Kagoro zai yi amfani a Maraɗi, amma ɗan'uwa na Nijar yana bukatar ya gyara rubutun, don ƙa'idar rubutunsu ta ɗan bambanta da tamu, kalmomin aronsu kuma daga Faransanci suke. Wani zai so ya juya shi zuwa Fulatanci, ko Gbagyi, ko Tangale. Wani zai so ya mai da shi rubutun makafi don ɗaliban Gindiri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan canji ne, kuma yana bukatar izini in ba a riga an bayar ba. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa Kolosiyawa, ya ce in sun gama karantawa su tura wasiƙar Lawudikiya, su ma su karɓo tasu. Da kwafi da hannu, ikkilisiya zuwa ikkilisiya, Sabon Alkawari ya iso gare mu.

Na san tambayar da ke bakinku. In na saki aikina, wani ba zai buga ya sayar ya yi kuɗi da gumina ba? Zai iya. Ba zan yi muku ƙarya ba, cikakken saki ya haɗa da wannan, kuma lasisin Creative Commons ba a janye shi daga wanda ya riga ya karɓa. Don haka a zauna a yi lissafi kafin a fara ginin hasumiya. Amma ku yi tunani a kan wane ne wannan mai sayarwar. Yawanci ba wani attajiri ba ne. Mai ƙaramar maɗaba'a ne da zai buga kwafi 500 ya kai taron zumuntar mata, inda kai ba za ka taɓa kaiwa ba. Takarda da tawada da kuɗin mota ba kyauta ake samunsu ba, dole ya sayar. In ka sa sharaɗin hana kasuwanci, shi ka hana, ɓarawon kasuwa kuwa dama bai karanta sharaɗinka ba. Shi ya sa ga kayan koyarwa, irin su darussan makarantar Lahadi, da jagorar nazarin Littafi Mai Tsarki, da wasannin kwaikwayo, da ƙananan waƙoƙin sujada, ni na fi son CC BY-SA. Sunanka yana biye da aikin duk inda ya je, kuma wanda ya ɗebi ruwa a rijiyar ba shi da ikon gina katanga a kanta.

Tsoro na biyu ya fi nauyi a wurina a matsayina na fasto: in kowa na iya canjawa, wani ba zai cusa koyarwar ƙarya ya bar sunana a kai ba? Wannan damuwa ta girmi dokar haƙƙin mallaka. Martin Luther bai karɓi kuɗi a kan littattafansa ba, amma a 1525 ya rubuta wa masu ɗab'i gargaɗi mai zafi, don suna sake buga ayyukansa da gaggawa, cike da kurakurai, har yakan kasa gane nasa. Maganin da ya yi shi ne sa tambarinsa, furen nan mai gicciye a tsakiya, a kan bugun da ya duba da kansa. Bulus ma da ya ji ana yawo da wasiƙu da sunansa a Tasalonika, sai ya ja hankalinsu ga gaisuwar da yake rubutawa da hannunsa a ƙarshen kowace wasiƙa, ta zama shaida. Hanyar ke nan har yau. A saki nassi, a tsare suna. Biblica ma haka ta yi: in ka canja wani abu a juyin nata, dole ka faɗa, ka kuma cire tambarinta. Mai niyyar karkatar da koyarwa ba lasisi yake jira ba, abin da ke kare tumaki shi ne su san inda sahihin yake.

Ba kowa nake kira ya saki komai ba. Ɗan'uwan da waƙa ce sana'arsa, da ita yake ciyar da gida, yana da cikakken iko ya riƙe haƙƙinsa, mu kuma aikinmu mu saya, mu saurara ta hanyoyin da ke biyansa, mu sallame shi da mutunci in mun gayyace shi taro, ba kuɗin mota da lemo kaɗai ba. Yana iya sakin kalmomi da kari don ikkilisiyoyi su rera su fassara, ya riƙe faifan. Wanda kuma ikkilisiya ta riga ta biya albashi ya rubuta darasi daga baikon jama'a, ban ga hujjar kulle wa jama'ar abin ba. Sai dai kafin ka saki waƙa ka tabbata taka ce kai kaɗai. In wani ya yi kiɗan, wata ta rubuta baiti biyu, mai situdiyo kuma yana ganin yana da kaso, ku zauna ku rubuta yarjejeniya tun ana dariya. Zumunta da yawa ta watse a kan abin da rabin shafi zai iya kashewa.

Wata magana kuma ga masu wa'azi a cikinku. Wa'azin Charles Spurgeon, wanda ya rasu a 1892, duk sun fita daga haƙƙin mallaka. Kana iya fassara su ka buga. Amma in ka hau bagade da ɗaya daga cikinsu ka ce Ubangiji ne ya ba ka da asuba, ƙarya ka yi a gaban jama'ar Allah, ko da babu ɗan sandan da zai zo. Irmiya 23:30 yana da magana a kan annabawan da ke satar kalmomi daga bakin juna. Ƙarewar wa'adi ta ɗauke maka neman izini da biyan kuɗi, ba ta ɗauke maka faɗin gaskiya ba. Kuma tsufan littafi bai mai da shi daidai ba. Wasu littattafan mishan na da suna ɗauke da raini ga baƙar fata da al'adunmu, a tace kafin a sha.

Abin da na fi jin tsoron mu rasa shi ne waƙoƙin iyayenmu mata. Akwai ɗaruruwan waƙoƙin zumuntar mata da na ƙungiyoyin bishara da aka ƙaga a nan gida, da Hausa da harsunanmu, a kan tulu da kacau-kacau, waɗanda ba su cikin kowane littafi. Wasu suna kan kaset ɗin da ya fara cin kansa, wasu a kan harshen tsohuwa ɗaya tak. A doka, waɗanda aka naɗa ko aka rubuta suna da masu su, ko da ba a san su ba, kuma wannan rashin sanin ne zai sa mai son bugawa nan gaba ya ja da baya. Ina roƙon shugabannin zumuntar matasa su sa wannan cikin tsarin hutun nan. Ku je biyu-biyu da waya da littafin rubutu. Ku gaishe da Mama yadda ya kamata, ku tambaye ta wa ya ƙaga waƙar, a wace ikkilisiya, wajen wace shekara. In ita ce, ku bayyana mata da harshen da take ji abin da sakin waƙa yake nufi, har da cewa wani zai iya bugawa ya sayar, kuma ba a janyewa. In ta ce a'a, ku naɗa don ajiyar ikkilisiya kawai, ku rubuta haka a jiki. In ta yarda, ku rubuta sunanta da kwanan wata da irin izinin da ta bayar, ta sa hannu ko ta dangwala, ɗaya daga cikin 'ya'yanta da dattijon ikkilisiya su shaida. Kwafi ɗaya a ofishin fasto, ɗaya a hannunta.